Kada A Goge Asali: Magana Kan Juya Hoton Bidiyo Da Tace Shi

Sanin kowa ne cewa kyamarar da ke ɗaukar hoton bidiyo garau, irin wanda ake yi wa laƙabi da HD, ta zama ruwan dare a wannan zamani. Kayan aikin da a da sai manyan gidajen talabijin ke iya mallaka, yau ga shi a hannun mai ɗaukar hoton biki, da malamin da ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta, har ma da ɗalibin da ke riƙe da wayar hannu. Sai dai wannan ci gaba ya zo da wani ƙorafi da ake yawan ji daga bakin masu sana'ar. Za ka ga an ɗauki hoto tangaran, har mutum na iya ƙidaya zaren aikin da ke jikin hular ango, amma kafin a juya shi, a tace shi, a miƙa wa jama'a, sai ya koma dishi-dishi: fuskoki sun yi sumul kamar an shafa musu kaki, wuraren da ke da duhu sun farfashe sun zama 'yan murabba'ai, launin jan ƙyalle ya malala ya ƙetare iyakarsa. Daga nan sai wasu su ɗora wa kyamara laifi, wasu kuma su bazama neman wata manhaja da aka ce tana juya hoto ba tare da ya rasa komai ba.

A nawa ganin, duka biyun sun saki reshe sun kama ganye. Kyamara ta yi nata aikin, kuma babu wata manhajar mu'ujiza da za a zauna jira. Abin da ke lalata hoto wata ɗabi'a ce da muka saba da ita, wato juya fayil barkatai ko da babu dalili, sannan a goge na asali da zarar an ga sabon yana buɗewa. Abin da kyamara ta rubuta a kan katin ajiyarta shi ne mafi kyawun abin da za a taɓa samu daga wannan ɗauka. Duk aikin da za a yi masa daga baya, ko dai ya bar shi yadda yake, ko ya rage shi. Saboda haka ina ganin wajibi ne a riƙa koyar da wannan a darasin na'ura mai ƙwaƙwalwa a makarantunmu na sakandare, tun kafin a nuna wa yaro yadda ake sa rubutu mai walƙiya a kan hoto. Domin mai karatu ya gane dalili, bari mu fara da ɗan lissafin da ɗan aji uku ma zai iya yi a bayan littafinsa.

Hoton bidiyo jerin hotuna ne tsayayyu da ake nunawa ɗaya bayan ɗaya da sauri, har ido ya ɗauka motsi yake gani. Kowane ɗaya daga cikinsu ana kiran sa firam, kuma a tsarin talabijin na Nijeriya da Nijar da ƙasashen Turai firam 25 ake nunawa a kowace daƙiƙa. Shi kuma firam tarin ƙananan ɗige-ɗige ne. Cikakken HD yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, wato ɗigo 2,073,600, ninki biyar cif na hoton faifan DVD mai 720 sau 576. Kowane ɗigo yana bukatar lambobi uku don bayyana yawan ja da kore da shuɗin da ke cikinsa, kowace lamba kuma tana cin gurbi ɗaya a ma'ajiyar na'ura, wanda ake kira bait. To, firam ɗaya ya ci bait 6,220,800 ke nan. A ninka da 25, sai a sami bait miliyan 155 da rabi a daƙiƙa guda. A sake ninkawa da 60, minti ɗaya ya haura gigabait 9. Da a ce haka kyamara ke ajiye hoto, da katin gigabait 64 ya cika kafin minti bakwai.

Amma ba haka take yi ba. Ɗauki tsarin AVCHD, wanda kamfanonin Sony da Panasonic suka fito da shi a shekarar 2006 don ƙananan kyamarori. Da farko mafi yawan abin da ya yarda a rubuta shi ne megabit 24 a daƙiƙa, kuma tunda bit takwas ke yin bait ɗaya, wannan megabait 3 ne kacal. Daga 155 an sauko zuwa 3, wato ƙasa da kashi 2 cikin 100 na lissafinmu na farko. Ina sauran suka tafi?

Amsar ita ce matsewa, kuma matsewa iri biyu ce. Akwai wadda ba ta zubar da komai, kamar yadda ake ninke babbar riga a sa a akwati. Idan aka warware ta, ita ce dai rigar, ba zare ɗaya da ya ɓata. Tushen wannan yana cikin takardar da Claude Shannon ya wallafa a 1948, wadda ta kafa harsashin ilmin sadar da bayanai, da kuma dabarar da David Huffman ya fitar a 1952, inda abin da ya fi yawan maimaituwa ake ba shi gajeriyar alama, wanda ba ya yawan zuwa a ba shi doguwa. Sai dai a kan hoton kyamara irin wannan matsewa da ƙyar take wuce mayar da fayil rabi ko sulusin girmansa. Ta biyun kuwa ita ce mai zubarwa, kuma ta fi kama da taƙaita labari. Ɗalibin da aka ce ya taƙaita littafi mai shafi 100 a cikin shafi biyu zai riƙe muhimman abubuwa ya watsar da sauran, kuma duk iya ƙoƙarinka ba za ka sake gina littafin daga shafi biyun nan ba. Kusan duk kyamarar da mai karatu zai taɓa riƙewa, da wannan ta biyun take aiki.

Gwanintar masana a nan ita ce sanin abin da ido ba zai lura da rashinsa ba. Idon ɗan Adam ya fi kula da bambancin haske da duhu a kan bambancin launi, don haka a kowane ɗigo huɗu maƙwabtan juna sai a ajiye hasken kowannensu, amma a haɗa musu launi ɗaya. Da wannan kaɗai lambobi 12 sun koma 6, kuma shi ya sa gefen jan rubutu ko jan mayafi ke saurin malala. Bayan haka sai a yanka firam zuwa ƙananan murabba'ai, sau da yawa ɗigo 8 sau 8, a bi kowanne da wani lissafi da ake kira DCT. Nasir Ahmed, haifaffen ƙasar Indiya da a lokacin yake koyarwa a Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka, shi ya fara kawo shawararsa a 1972, suka wallafa shi a 1974 tare da T. Natarajan da K. R. Rao. Aikin wannan lissafi shi ne ya ware babban fasalin murabba'in daga ƙananan zane-zanen da ke cikinsa. Da an ware su, sai a kusantar da lambobin, kamar yadda ɗan kasuwa zai ce kaya sun kama dubu ɗaya alhali dubu da arba'in da bakwai ne. Ƙananan lambobi da yawa sai su koma sifiri, su ɓace. A wannan mataki ne ainihin asarar ke faruwa, a nan ne saƙar hula da gashin gira suke salwanta.

Dabara ta uku ta fi kowacce rage nauyi. Idan ana ɗaukar malami yana bayani a gaban allo, allon ba ya canzawa daga firam zuwa firam. Bakin malamin da hannunsa ne kawai ke motsi. Don haka kyamara takan ajiye cikakken firam ɗaya, sannan ta bi shi da wasu da dama waɗanda ba su ƙunshi komai ba sai bayanin abin da ya canza. Wannan ne ya sa hoton mai jawabi yakan fito lafiya lau, amma hoton hawan salla ya wahalar da na'ura: ga dawakai a guje, ga ƙura ta turnuƙe, ga kwalliyar da ke ƙyalli ta ko'ina, babu wani ɓangare na firam da ya tsaya yadda yake. Haka ma yayyafi, da ganyen bishiya cikin iska, da hoton da aka ɗauka da dare. Duk waɗannan dabaru, idan aka haɗa su a tsari guda, shi ake kira kodek. Wanda ya fi shahara shi ne H.264, da aka kammala a 2003, kuma shi ne a cikin AVCHD da mafi yawan wayoyin hannu. H.265 ya biyo baya a 2013, sai AV1 a 2018.

To, ga inda gizo ke saƙa. Idan ka ɗauki wannan fayil da aka riga aka matse, ka ce wa manhaja ta juya shi, sai ta warware shi ta sake matse shi daga farko. Ita kuwa ba ta san bambanci tsakanin ainihin hoto da tabon da matsewar farko ta bari ba. Duka hoto ne a wurinta. Sai ta ɓata wani kaso na ɗan gurbin da take da shi wajen adana tabon, ta kuma sake kusantar da lambobi, ta ƙara nata tabon. An taƙaita taƙaitawa ke nan. A yi haka sau uku ko huɗu, ɗaya don fayil ya buɗe a kwamfuta, ɗaya bayan tacewa, ɗaya don ya shiga waya, ɗaya kuma wanda dandalin sada zumunta zai yi da kansa, sai a sami hoton nan mai dishi-dishi da muka ambata. A 2010 wani mawaƙi a Amurka ya kammala wani gwaji inda ya ɗora bidiyon kansa a YouTube, ya sauke, ya sake ɗorawa, har sau dubu. A ƙarshe ba a iya gane ko fuskar mutum ce.

Manyanmu da suka yi zamanin kaset sun san wannan ciwo. Tun daga fim ɗin Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, finafinan Hausa sun daɗe a kan kaset ɗin VHS, kuma kowa ya san cewa kwafin kwafi ba ya kai na farko kyau, domin kowane gurzawa daga rikoda zuwa rikoda yana ƙara ƙura a hoto. Da fasahar lambobi ta zo sai aka ce an rabu da wannan matsala, kuma gaskiya ne, amma da sharaɗi. Kwafa fayil daga kati zuwa kwamfuta, ko daga kwamfuta zuwa wata, ba ya rage ko bit ɗaya, ko da sau miliyan aka yi. Juyawa kuwa ba kwafa ba ce. Rashin bambance waɗannan biyu, a ganina, shi ne tushen mafi yawan ɓarnar da ake yi, kuma shi ne darasin farko da ya kamata ɗalibi ya riƙe.

Darasi na biyu shi ne bambanci tsakanin mazubi da abin da ke cikinsa. Haruffan da ke ƙarshen sunan fayil, irin su MP4 da MOV da MKV da MTS, sunan mazubi ne kawai. A ciki akwai hoton da wani kodek ya matse, da sauti, da bayanan da ke daidaita tafiyarsu tare. Sau da yawa idan aka ce wata na'ura ta ƙi buɗe fayil ɗin MTS na kyamara, mazubin ne ba ta gane ba, alhali H.264 ɗin da ke ciki ta san shi sarai. A irin wannan hali babu bukatar a taɓa hoton; a juye shi kawai daga wannan ƙwarya zuwa waccan. Manhajar FFmpeg, wadda Fabrice Bellard na ƙasar Faransa ya fara a 2000, kuma kyauta ce ga kowa, tana yin wannan da layi guda: ffmpeg -i 00001.MTS -c copy biki.mp4. Kalmomin nan biyu, -c copy, su ne ke gaya mata ta kwashe abin da ke ciki yadda yake. Akwai ma hanya mai sauƙi da mutum zai gane wanne aka yi masa. Idan canjin mazubi ne, aikin awa guda yakan ƙare cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma sabon fayil yakan yi kusan girman tsohon. Idan kuwa ka ji fankar kwamfuta tana ruri, aiki ya ɗauki dogon lokaci, fayil ya fito ƙarami, to an sake matsewa, ko me tallar manhajar ta ce.

Haka nan idan yanka kawai ake so, a cire farko da ƙarshe ko a fitar da wani yanki, ana iya yi ba tare da sake matsewa ba, da FFmpeg ɗin ko da manhaja irin LosslessCut. Iyakarta dai sai an fara yankan daga ɗaya daga cikin cikakkun firam ɗin nan, domin sauran ba sa iya tsayuwa da kansu.

Amma tace hoto na sosai ya wuce yanka. Akwai gyaran launi, da ɗora rubutu, da narkar da wannan fage cikin wancan, kuma duk wanda ya canza ɗige-ɗigen hoto dole ne a ƙarshe a sake matse su. Wannan ba makawa, kuma ba abin tsoro ba ne idan sau ɗaya ne. Manhajojin tacewa na yanzu, irin su DaVinci Resolve da Kdenlive da Shotcut, ba sa taɓa fayil ɗin asali yayin aiki. Umarni kawai suke rubutawa: a ɗauko daga daƙiƙa kaza zuwa kaza, a ƙara haske kaza. Sai ranar fitarwa suke komawa ga asalin su aiwatar da komai a lokaci guda. Ke nan wanda ya zuba fayilolin kyamara kai tsaye, ya yi aikinsa, ya fitar sau ɗaya da wadataccen gurbi, ya yi asara mafi ƙanƙanta da za a iya yi. Wanda kuwa ya fitar da rabin aiki yau a matsayin MP4, gobe ya sake zuba shi ya ci gaba a kansa, shi ya jawo wa kansa.

Idan kwamfuta ba ta da ƙarfi fa? Wannan tambaya ce ta gaskiya, domin kafin na'ura ta nuna firam ɗaya daga tsakiyar jeri sai ta koma baya ta gina shi daga cikakken firam, kuma tsohuwar kwamfutar makaranta takan riƙa sarƙewa. Mafita biyu ce. Ta farko, kuma ita na fi so ga mai ƙaramin ƙarfi, ita ce a yi wakilin hoto: ƙaramin kwafi marar nauyi da za a yi tacewa a kansa, idan an gama manhaja ta mayar da asalin a gurbinsa kafin fitarwa. Munin wakilin ba ya shafar sakamako ko kaɗan. Ta biyu ita ce a juya zuwa kodek na tsaka-tsaki, irin DNxHD na kamfanin Avid da ya fito a 2004, ko ProRes na Apple da ya fito a 2007. Waɗannan kowane firam cikakke suke ajiye shi, kuma suna zubar da abu kaɗan ƙwarai, har ana iya bi ta cikinsu sau da dama ido bai ga bambanci ba. Kuɗinsu shi ne girma: awa guda ta AVCHD kimanin gigabait 11 ce, amma a ProRes 422 takan kai wajen 55. A lura da kyau, wannan kumburi bai ƙara wa hoton komai ba. Shafi biyun nan ne dai aka sake rubutawa da manyan haruffa. Masu ajiyar kayan tarihi kuwa, waɗanda ba su yarda a rasa ko ɗigo ba, da yawansu sun karkata ga FFV1, kodek marar zubarwa da aka amince da ƙa'idarsa a hukumance a 2021, amma wannan ya fi dacewa da wanda ke kwashe tsohon kaset zuwa kwamfuta.

Ba matsewa kaɗai ke cin hoto ba. Canza yawan firam ma ɓarna ne. Wutar lantarkinmu tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, kuma daga nan aka gaji 25 a nan da kusan 30 a can. Idan aka ɗauka da 30 aka mayar 25, dole na'ura ta jefar da firam ɗaya cikin kowane shida, ko ta cakuɗa su, sai motsi ya riƙa tsalle. Banda haka, ɗauka da 30 ko 60 a ƙarƙashin wasu fitilu na wutarmu kan sa hoto ya riƙa ƙyaftawa. Maganin yana wurin saita kyamara tun kafin a danna maɓalli, sannan a saita manhajar tacewa daidai da abin da aka ɗauka, girma da yawan firam duka. Tsofaffin kyamarori masu tsarin 1080i kuma rabi-rabi suke ɗaukar firam, layukan mara sannan na cika, kuma idan aka haɗe su da ganganci sai gefen duk abin da ke motsi ya yi haƙora kamar matsefi. Wayoyin hannu su kuma sukan canza yawan firam a tsakiyar ɗauka, abin da kan sa baki da murya su rabu a wasu manhajojin. Wannan yana cikin 'yan wuraren da juyawa kafin tacewa take da hujja.

Duk waɗannan kurakurai ana iya gyara su muddin asali na nan. Wanda ba ya gyaruwa shi ne goge shi, kuma ba ƙananan mutane kaɗai ke faɗawa wannan rami ba. A watan Yuli na 1969, kyamarar da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka kai duniyar wata tana aiko da firam 10 ne a daƙiƙa, mai layi 320, tsarin da talabijin ɗin gida ba ta iya nunawa. Sai aka juya shi a tashoshin karɓa da ke Ostireliya da Kalifoniya ta wata hanya da ta haɗa da kafa kyamarar talabijin a gaban allon da ke nuna hoton. Abin da duniya ta kalla ke nan, hoto mai hazo da inuwa. Ainihin saƙon, wanda ya fi wannan kyau, an naɗe shi a kan faya-fayen maganaɗisu aka ajiye. Shekaru da yawa bayan haka aka shiga neman su, kuma a 2009 hukumar NASA ta bayyana cewa bisa dukkan alamu an goge su tuntuni an sake naɗar wasu bayanai a kansu. Gyaran da aka yi wa hoton a wannan shekara, daga kwafe-kwafen gidajen talabijin aka yi shi. Masu gogewar ba mugunta suka yi ba. Faifai suke bukata, kuma a ganinsu ai an riga an juya. Wannan shi ne ainihin tunanin mai ɗaukar hoton da ke share kati ranar Lahadi saboda yana da wani aiki ranar Litinin.

Na san za a ce mini ajiya tsada gare ta, kuma mai kallo a waya ba ya ganin bambanci. Rabin maganar gaskiya ne. Babu laifi ko kaɗan a yi ƙaramin kwafi don rabawa, hasali ma hakan ya dace da halin da masu sayen data suke ciki. Abin da nake ƙi shi ne ƙaramin kwafin ya zama shi kaɗai ya rage. Faifan ajiya mai terabait ɗaya zai ɗauki kimanin awa 90 na asalin AVCHD, wato bukukuwan makaranta na shekaru masu yawa. Manyan fayilolin tsaka-tsaki da wakilai su ne za a goge bayan aiki, tunda ana iya sake yin su a kowane lokaci. Kuma allon da ake kallo a kai yana canzawa: wanda ya matse aikinsa daidai da faifan VCD a farkon shekarun 2000 ya jefar da asali, yau me zai nuna a babban allo?

Wasu kuma za su ce ai yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke mayar da hoto mai dishi-dishi garau. Suna yi, kuma wani lokaci abin yakan burge. Amma ba dawo da abin da ya ɓata suke yi ba. Ƙirƙiro abin da ya yi kama da shi suke yi, bisa dubban hotunan da aka horar da su a kai. Ƙa'ida ce tabbatacciya a ilmin da Shannon ya kafa cewa sarrafa saƙo ba ya ƙara bayanin da ke cikinsa game da tushensa. Idan saƙar hula ta ɓace, manhaja za ta saƙa wata, mai kyau ma, amma ba ta angon ba ce. Shi ya sa a 2024 wani alƙali a jihar Washintan ta Amurka ya ƙi karɓar bidiyon waya da aka gyara ta wannan hanya a matsayin shaida a wata shari'ar kisan kai. Ga mai yin fim na nishaɗi wannan ba wani abu ba ne. Ga wanda ya ɗauki hirar wani dattijo masanin tarihin garinsu, ko gwajin kimiyya da ake son auna wani abu daga cikinsa, fuskar da na'ura ta ƙaga ba ta da amfani.

Abin da nake roƙon malamai masu kula da kyamarar makaranta ba shi da yawa. Idan an dawo daga ɗauka, a kwashe katin gaba ɗayansa da duk jakunkunan da ke ciki, kada a tsinci fayilolin hoto kaɗai, domin kyamara takan yayyanka doguwar ɗauka gida-gida saboda tsohon tsarin kati ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4, kuma bayanin yadda za a haɗe su yana cikin ƙananan fayilolin da ake rainawa. A ajiye kwafi biyu a faifai biyu daban, ɗaya a ofis ɗaya a wani ginin, a buɗe su a tabbatar suna aiki kafin a share kati. Idan za a aika wa mai tacewa ta WhatsApp, a tura a matsayin Document, wanda tun 2022 yake ɗaukar har gigabait 2, domin turawa ta hanyar da aka saba sake matsewa ce.

Ga kuma gwajin da aji zai iya yi cikin darasi ɗaya. A ɗauki daƙiƙa 20 na bishiyar darbejiya iska na kaɗa ta. A kwafi fayil ɗin daga jaka zuwa jaka sau goma, a duba girman na ƙarshe da na farko. Za a tarar adadin bait ɗinsu ɗaya ne. Sannan a juya shi da kowace manhajar juyawa, a ɗauki abin da ya fito a sake juyawa, har sau goma, ana ba kowanne lamba. A tsayar da na farko da na goma a kan daƙiƙa ɗaya, a faɗaɗa wurin da ganye ya fi yawa, ɗalibai su rubuta a wace lamba ce suka fara kasa bambance ganye ɗaya da na kusa da shi.